Doron Odum

Mu shida muka sauke shi daga aboboya,
odum ne, faɗinsa ya fi ƙofar zaure.
Damina uku ta bi ta kansa a Sokoban,
ya sha ruwan Kumasi, ya bushe yadda ya ga dama:
kusurwa guda ta ɗaga kamar kunnen akuya,
cikinsa ya lotsa, bayansa ya yi doro.
Maame Konadu ta dafa shi, ta ce,
"Gariba, tebur nake so.
Daga gonar babana ya faɗi. Kada ka tsaga."

Babban inji bakinsa bai kai ba
sai an raba shi biyu.
Ni ma kafaɗata ta daina irin wannan kokawa.

Sai na shimfiɗa dogo biyu, dama da hagu,
na ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa,
in sun gaisa a tsakiya ba wanda ya danne wani,
to, hanya ta miƙe.
Yini guda na ɓata a nan.
Mumuni yana ta hamma yana duban waya,
bai san karkatar dogo ba ta tsayawa a dogo,
duk abin da ya bi ta kai sai ya gada.

Na kwantar da odum yadda yake son kwanciya.
Ban danne shi ba.
Wanda aka danne, ranar da aka sake shi
zai koma gidan jiya.
Na cusa masa 'yan guntaye inda ya bar ƙasa
har ya daina rawa,
na zane fuskarsa kaf da fensir
kamar allon yaron da aka bari shi kaɗai.

Gada a kan dogo, rauta a kan gada.
Tura, dawo, matsa da faɗin yatsa.
Tura, dawo.
Ba ta cin abin da ya fi kaurin farce.
Tudu take fara gaisarwa,
kwari kuwa ta wuce shi kamar ba ta san shi ba.
Gari ja ya cika min gemu,
ya shiga kokon da Mumuni ya manta bai rufe ba,
maƙoshi na kaikayi, odum ba ya yafe wa hanci.

Ana kiran la'asar a Aboabo wuta ta ɗauke.
Shiru ya faɗo mana kamar buhu.
Muka zauna muna kallon rabin aiki:
nan sumul, launin zuma,
can baƙi, da zanen fensir da tsohon taurin kai.
Na shafa iyakar da tafin hannu,
'yar matakala ce, ko tururuwa ta haye.

Washegari muka ƙarasa, muka juya, muka sake.
Doro ya tafi cikin buhu tara,
mai kiwon kaji ta kwashe.

Saura wuri guda, kusa da baki,
lotsawa kamar tafin jariri,
fensir na kwance a ciki, ƙarfe bai taɓa shi ba.
In na bi shi, sai duk katakon ya biya,
kaurin yatsa daga kowane sashe
saboda rami ɗaya.
Na kashe inji, na aika a kira ta.

Ta zo da lema, ta sunkuya,
ta sa babban yatsa a ramin, ta daɗe.
Ruwa na dukan kwano, ban ji farkon maganarta ba.
Ƙarshen dai na ji: "Bar shi."

Na goge fensir ɗin da tsumma.
Yanzu in ka ɗora ƙwallo a tebur ɗin, tsayawa yake,
ko'ina ka ajiye shi, sai wuri guda.
Jikokinta sun riga sun gano wurin.